Bawul Ɗin Keken Gide

Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a ƙasar Sabuwa, Ɗanlahadi yake zaune a Yankara, cikin wani ɗaki a bayan kasuwa. Matarsa Tabita ta rasu a daminar farko da suka yi a nan. Ƙanensa Gide kuma ya tafi kudu neman aiki, ya bar masa kekensa jingine da bango, wani ɗan gwanjo mai siraran tayoyi, da famfon hannu ɗaure a jikinsa.

Ran nan a kasuwa wani mai sayen masara ya ce masa ya ga Yusufu a Sheme. Yusufu maƙwabcinsa ne na gona, tare suka tashi, kuma tun ranar gudu bai sake jin ɗuriyarsa ba.

Washegari da hantsi ya fito da keken, ya tarar tayar baya ta sace. Ya kafa famfo ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa riga, taya ko motsi. Bawul ɗin, wato bakin da ake sa wa tayar iska, ba irin wanda ya sani ba ne, siriri ne kamar tsinke, da wani ɗan noti a kansa. Ya zauna a dandamali yana kallonsa. A ƙarshe ya ciro waya ya kira Gide.

"Yaya, lafiya dai?" in ji Gide. Ƙarar injin na tashi a bayansa.

"Lafiya lau. Kekenka ne ya ƙi shan iska."

Gide ya yi dariya. "Ka warware ɗan notin nan na sama?"

"Warwarewa ake?"

"Murɗa shi da yatsa har ya tsaya, kada ka cire. Sai ka ɗan danna kan."

Ya danna, sauran iskar ta ce fus.

"Yawwa, ya buɗe. Yanzu kwance bakin famfon, akwai roba a ciki. Juya ta, ƙaramin ramin ya kalli waje, ka mayar. Ka sa shi a miƙe, Yaya, in ka karkata tsinken zai lanƙwashe. Sannan ka ɗaga ɗan hannun da ke bakin famfon ya kama."

Ɗanlahadi ya maƙale wayar a kafaɗa yana bugawa. Taya ta soma tashi. Ya matsa ta da babban yatsa, ya ji ta yi tauri.

"Ta ɗauka! Gide, ka san Yusufu yana Sheme? An ce..."

"Yaya, maigida na kira na. Ka zare a miƙe, ka ɗaure notin. Sai mun yi magana."

Wayar ta mutu. Ya mayar da ita aljihu, sannan ya zare famfon, ya ɗaure notin, ya hau.

Ya bi gefen kwalta, manyan motoci suna wuce shi, yana ta shirya abin da zai fara faɗa wa Yusufu. A Sheme ya yi tambaya har aka nuna masa wani gida mai dangar kara. Wata dattijuwa ta leƙo.

"Yusufu? Ai 'yarsa ta zo ta ɗauke shi, sun koma Ƙanƙara. Ƙafa ta matsa mashi."

"Bai bar lamba ba?"

"Ba shi da waya, bawan Allah."

Ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar da ta ce nan Yusufu yake wuni. Ya zauna. Akuyoyi suna tsintar ƙaiƙayi a gabansa, ba wanda ya san shi a cikin masu wucewa. Da rana ta karkata ya miƙa kwanon, ya yi godiya.

"In wani nasu ya zo, wa zan ce?" ta tambaya.

"Ki ce Ɗanlahadi. Ki ce ina Yankara, bayan kasuwa, ina nan da raina."

Ya tura keken har bakin titi, ya tsaya wata tirela ta wuce, sannan ya hau.