Noti Biyu Masu Huji

Shekara talatin Issaka yana gyaran manyan motoci a Albarika, cikin Parakou, bai taɓa sa hannu a motar tsere ba. Sai a 1986 taubashinsa Alhaji Iliassou, mai fataucin goro a Djougou, ya sayi wata tsohuwar jar mota a hannun Baturen da zai koma gida. Kujera biyu gare ta, injinta a baya, ga ta ƙasa-ƙasa kamar kunkuru. Ta yi wata uku tana gudu. Daga nan ta soma ƙara kamar ana jan sarƙa a kan kwano.

Issaka ya je ya saurara sau ɗaya, ya ce a kashe.

"Sarƙa biyu ke cikin injin nan," ya ce. "Su ke sa bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. Kowace tana da madannin da ke riƙe ta tamau. Madannan sun gaji. In sarƙa ta tsallake haƙora, sai ka mai da motar akurkin kaji."

Alhaji ya aika wa ƙanensa takarda a Jamus. Bayan wata biyar kwali ya iso ta Kwatano, da sabon samfuri a ciki. Tsohon madanni da ɗan man da aka rufe a cikinsa yake aiki, in ya tsiyaye shi ke nan. Sabon kuwa injin ne da kansa ke shayar da shi baƙin mai ta siririn tiyo.

Direbobin tashar Parakou suka sa Issaka gaba. "Malam Issaka, wannan ba gingimari ba ce. Ba a gyara ta da guduma."

Ransa ya ɓaci. Ya rantse a gabansu: in bai shigo da motar tashar nan da ƙafarta ba, ya ajiye kile, ya bar gyaran mota har abada.

Ranar Asabar da hantsi ya buɗe injin a gindin mangwaro, ƙofar gidan Alhaji. Rabin unguwa ta taru. Hajiya Rakia, matar Alhaji, ta aiko da fura. An jera kayan a kan farin zane, suna ƙyalli. Issaka, wanda ba a taɓa jin waƙarsa ba, sai ga shi yana ƙunƙuni da hanci. Ƙarfen Bature yana shiga gurbinsa ba gardama. Babu duka, babu zagi. Ji yake kamar ya taka rawa.

"Bawana, haƙoranka duk a waje," in ji Alhaji daga kan kujera. "Ka rufe, kada su faɗa cikin injina."

"Yi shiru, bawana. Kai da ko tayar keke ba ka iya cirewa."

Ya gama ɓangaren hagu ya rufe. Ya dawo dama, ya ɗaura madanni, ya kawo tiyo. Saura notin da ke haɗa tiyon da inji. Hannuwansa duk mai, ya sa notin a baki. Tun yana koyon aiki, duk abin da mai zai bi ta ciki sai ya busa shi. Na hagu ne ɗoki ya mantar da shi. Ya busa.

Kumatunsa suka kumbura. Iska ba ta fita ba.

Ya sake busawa har kunnensa ya toshe. Ya tofo notin a tafin hannu, ya ɗaga shi a rana. Sumul yake, ba ƙofa ko ɗaya.

"Alhaji, notin nan huji ya kamata ya kasance da shi. Ta tsakiya da ta gefe."

"Ai da akwai," Alhaji ya ce, yana gyara zama. "Na yi maganinsa."

"Ka yi me?"

"Ranar da kwalin ya zo, na baje kayan a faifai na tsince su ɗaya-ɗaya, yadda muke yi wa goro. Gidanmu tun kakanni ba a barin mai huji a cikin huhu, don sankara ce ta ci shi. Sai ga biyu da huji. Biyu! Na ce ka ga Turawa, sun raina mu. Na kai wa Usuman maƙerin fari, ya cike su da dalma, ya goge. Dubi sheƙi. Ba sai ka gode mini ba."

Issaka ya zauna daɓas a ƙasa. Da ya tada injin haka, mai ba zai kai ga madanni ba, ko ɗigo. Kafin su fita daga gari sarƙa ta saki. Da motar da sana'arsa, duk a rana ɗaya.

Sai dariya ta kama shi. Ya riƙe ciki, ya kwanta da baya, yana dukan ƙasa da diddige.

"Sankara!" yake cewa. "Sankara a ƙarfe! Jama'a, ku zo ku ga tsutsar Jamus!"

Mutane suka fashe. Hajiya Rakia ta leƙo daga zaure. "Na ce masa ya jira ka, Malam. Ya ce shi ido gare shi."

"Koma ciki, Hajiya," in ji Alhaji. Shi ma kafaɗarsa rawa take yi.

Aka kira Usuman. Ya zo da gawayi da zugazugi, fuska a ɗaure, don ya ce bai taɓa yin ciko mai kyau irin wannan ba. Issaka ya kwance notin hagu, ya tsuguna kusa da shi.

"Wuta kaɗan. Dalma kawai nake so ta narke. In ƙarfen ya yi ja, ya mutu."

"Koya mini ƙira, direban jaki."

Dalma ta zubo kamar hawaye. Issaka ya zura waya, ya wanke da fetur, ya sake zurawa, ya sake wankewa, har sau bakwai. Ɓurɓushi ɗaya ya isa ya toshe tiyo. Ya sa na farko a baki ya busa. Ya yi fito. Na biyu ma ya yi fito. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Ya ɗaura, ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya rufe. Ya ce bismilla, ya murɗa makulli.

Sarƙa ta yi kacau-kacau. Gumi ya karyo masa. Ya ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mai ya iso. Ƙarar ta ɗauke, saura gurnani mai laushi.

Ba su tsaya cin abinci ba. Alhaji ya cusa babbar rigarsa cikin ƙaramar kujera, suka ɗauki hanyar Parakou. A shingen Partago jandarma ya zagaya motar sau biyu, ya sara musu.

"Prêt pour la Révolution, camarade?" ya tambaya da Faransanci, wai ko sun shirya wa juyin juya hali.

"A shirye muke tun safe," in ji Issaka. "Ɗaga sandar."

Suna wucewa ya taka. Kunnensa yana baya, wajen inji. Ba ƙara. Ya ƙara takawa. Iska ta fizge hular Alhaji ta jefa cikin gonar doya.

"Tsaya, bawana! Hulata!"

"Sai mun shiga tasha!" Issaka ya ce da ƙarfi, ya sa giya ta huɗu.