Ɗari Biyar, Don Taka-tsantsan

Shekara biyu Dakta ta yi tana ɗinka wa wani ƙarfe riga. Molibdenum sunansa. Wutar da ke narkar da sauran ƙarafa ko gezau ba ta sa shi, amma in iska ta same shi da zafi, sai ya bi ta ya zama farin hayaƙi. Rigar da ta shafa masa ta sinadarin silikon ce, mai baƙin hali ita ma: in zafin wuta ya kai digiri dubu da ɗari uku, fuskarta kan zama gilashi ta toshe kowace kafa; a tsaka-tsakin zafi kuwa, rugurgujewa take ta zama gari.

Guntu ɗaya ya rage mata, tsawon ɗan yatsa. In ya yi awa ɗari a tanderu lafiya, a bar mata ɗakin gwajinta. In ba haka ba, ɗakin ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Tana rufe ƙofar tanderun sai ga Farfesa, shugaban sashe, wanda rabonsa da riƙe awartaki tun yana da gashi. Ya leƙa ma'aunin zafi, ya dafe ƙirji, ya dubi Baba mai kula da tanderu.

"Dubu da ɗari uku? A kan guntu ɗaya tilo? Baba, sauke shi ɗari biyar. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ranka ya daɗe," in ji Dakta, "ɗari biyar ɗin ce ajalinsa. Yana cikin kowane littafi."

"'Yata, littattafan nan ni ake kira in ƙaddamar da su."

Ta juya wajen Baba. Shi ma ya sani sarai, ya share irin wannan gari ya fi a ƙirga. Sai ya tsura wa takalminsa ido.

"Ki yi haƙuri, Dakta. Saura wata bakwai in yi ritaya."

Ya murɗa, ya sauke zafin zuwa ɗari biyar.

Ranar da aka buɗe tanderun, duk sashen ya taru, har da masu ɗaukar hoto. Baba ya jawo farantin da aka ɗora guntun a kai. Gari ne ruwan ɗorawa, bai cika cokali ba.

Farfesa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dubi Dakta da tausayin uba.

"Kin gani ko? Rabin zafin ma bai jure ba. Da na biye miki fa?"

Kowa ya jinjina kai. Aka fara shigo da kujeru kafin ta gama kwashe takardunta.