Hoto na Goma Sha Bakwai

Badiyya ma'aikaciyar gidan tarihi ta zo daga Kano da ƙananan hotuna, kowanne bai fi kwalin ashana ba, babu suna babu shekara. An ce mata a duk mutanen da ruwan Tiga ya tasa daga ƙauyensu, Iya Turai ce kaɗai ta rage mai iya gane fuskokin.

Tsohuwa kuwa ba ta ba da kunya ba. Kallo ɗaya ta ce aikin Sharif mai hoto ne na Kwanar Dangora, wanda yake shafa wa kowace hula shuɗin tawada, ko mai ita yana so ko ba ya so. Shekara ma ba ta gagare ta ba. In kukar bakin kasuwa ta fito a bayan mutum, to ruwa bai zo ba, in tabarma aka rataya, an riga an tashi. Tana faɗa tana tsokanar matattu, Badiyya na rubutawa.

A hoto na goma sha bakwai Turai ta daina tsokana. Saurayi ne mai wushirya, ga kuka a bayansa.

"Iya, wannan fa?"

"Yaron nan ne."

Ɗanta ne na fari. Ya rasu ana saura damina ɗaya a tashi, kabarinsa na ƙarƙashin dam. Ɗan fari kuwa uwa ba ta kama sunansa, kuma Turai ta riƙe wannan kunyar fiye da kowa, har mata na ba da misali da ita. Badiyya ta ce in babu suna, "ba a san shi ba" za a rubuta. Aka tambayi maƙwabta, duk haihuwar bayan ruwa ne. Wada, ƙanin mijin Turai, da zai sani, bara aka binne shi.

Turai ta ce to yau dai kunya ta yi haƙuri. Ta buɗe baki, ta laluba, ba ta tarar da komai ba. Tsoro ya kama ta.

Badiyya ta shiga jero mata sunaye a hankali, ko za ta gyaɗa kai. Sale? Dikko? Uzairu? Kowanne sai ta ji kamar shi ne.

"'Yar nan, bar gurbin," in ji Turai. "Zan tuna."

Badiyya ta bar gurbin, ta mai da hoton cikin ambulan.