Mai Ɗingishi da Mai Zane

Kwalejinmu gini ɗaya ce tal a bakin gandun dajin Chitwan. Mu 'yan sashen kare namun daji muna ƙasa, 'yan sashen zanen katun suna sama. Mu muna ce musu 'yan lalle saboda yatsunsu kullum cikin fenti, su kuma suna ce mana masu shinshina kashin karkanda. Ba ƙarya suka yi mana ba, muna shinshinawa.

Abin da aka fara koya mana, tun kafin mu san sunan kowace dabba, shi ne kada mu faɗi inda dabba take. In ka ɗauki hoto, ka yanke duk abin da ke bayanta. Ko mahaifiyarka ce ta tambaya, ka ce can cikin daji. Kuɗin ƙahon karkanda ɗaya ya isa ya sa maƙwabcinka ya zama wani mutum daban.

Pabitra Mahato, ƙawata da muke ɗaki ɗaya, ita ce ta fi kowa riƙe wannan doka. Aikinta na kammala karatu a kan wata karkanda ne da ta baro cikin gandun, ta haihu a wata fadama da ke nesa da sansanin masu gadi. Ƙafar karkandar ta baya tana da tsohon ciwo, shi ya sa muke ce mata Mai Ɗingishi. Pabitra da malaminmu da jami'in gandu ne kawai suka san wurin. Ni da nake wanke mata kayan da ta dawo da su jage-jage da taɓo, ban sani ba.

Sai shugaban kwaleji, mutumin da ba ya iya ganin abu biyu bai haɗa su ba, ya ce bana sassan biyu za su yi aiki tare. Aka haɗa Pabitra da Sujan Praja, wani siririn ɗalibi marar magana, ya yi ɗan fim a kan karkandar. Ta ba shi hotunan bidiyo da ta yanke, babu komai sai jikin dabbar. Ya zana tafiyarta, ya ƙirƙiro daji daga kansa ya sa a baya.

Malaminsu Ujjwal ya yi watsi da aikin. Su ma suna da tasu dokar: kada ka zana abin da idonka bai gani ba. Sujan ya sauko ƙasa kamar zai yi kuka.

"Yaya Pabitra, ya ce dajina na ƙarya ne. Ya ce karkandar tana tafiya a kan tabarma."

"To ka zana mata tabarma mai kyau mana."

"Don Allah, Yaya. Sau ɗaya kawai in ga yadda ƙafarta ke nutsewa a taɓo. In na faɗi bana, babana gona zai mayar da ni."

"Kai da wannan jikin? Garma ce za ta ja ka."

Ta ja masa rai har ta gaji, sannan ta nemi izinin malaminmu, ya yarda da sharaɗi. Ta karɓe wayarsa da littafin zanensa da fensirinsa, ta ba ni na kulle a akwati. Ta bi da shi ta doguwar hanya cikin ciyawar da ta fi mutum tsayi, ta yi ta zagaye da shi har ya kasa nuna gabas. Duk abin da aka koya mana ta yi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Abin da ba mu sani ba, a sama ana nuna wa 'yan zane abu na ɗan lokaci a ɗauke, a ce su zana shi da ka. Kullum haka suke fara darasi. Muna gini ɗaya da su, ba wanda ya taɓa hawa ya duba.

Ranar nuna ayyuka zauren ya cika da iyaye da mutanen ƙauyuka, har da masu leƙe ta taga. Aka ja labule, fim ɗin Sujan ya fara. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau har ya ba ni haushi. Ga Mai Ɗingishi tana fitowa daga ciyawa, ɗanta yana bin ta a guje, ƙafar nan tana nutsewa tana fitowa. A bayanta ga wani rimi da tsawa ta raba biyu, ga ɗan dutsen bauta da jajayen ƙyallaye, ga hanyar da take bi kullum zuwa inda take kashi.

Wani dattijo a layin baya ya yi dariya ya ce, "Ai wannan fadamar rimin da ya tsage ce. Nan muke yankan ciyawar jinka."

"Ita ce kuwa, Baba," in ji wani. "Ga dutsen nan ma."

Mutane suka ɗauki tafi, suna murnar sun gane wurinsu. Wayoyi suka tashi sama suna ɗauka. Pabitra ta damƙe hannuna har ƙumbarta ta shige ni. Shi kuwa Sujan yana gaba yana ta sunkuyar da kai yana murmushi, bai san me ya yi ba.

Daga zauren Pabitra ta wuce ofishin gandu. Sun saurare ta, sun tura masu gadi. Amma damina ta faɗi da ƙarfi a makon, kogi ya cinye hanya, aka kwashe masu gadin zuwa inda ambaliya ke kwasar barewa. Pabitra ta riƙa zuwa bakin ruwa tana dawowa, ba mai kwalekwalen da ya yarda ya ƙetare da ita. Ta daina cin shinkafarta, sai shayi.

Da ruwa ya ja muka tafi da masu gadi. Sujan ya biyo mu, ba wanda ya ce ya zo, ba wanda ya kore shi. Karkanda ba ta sauya hanya, kowa a yankin nan ya san haka. A kan hanyar mafarauta suka haƙa rami, suka kafa tsinin gora a ciki, suka rufe da ciyawa. Mai Ɗingishi tana ciki a kife, fuskar a sare da gatari, an cire ƙahon. Ɗan yana tsaye a bakin ramin, haƙarƙarinsa duk a waje, yana wani siririn kuka, yana kai wa duk wanda ya matso karo da kansa da ko ƙaho bai fito ba. Na so in sami wanda zan zaga, na duba ko'ina ban ga kowa ba sai Sujan, shi kuma ya riga ya durƙusa cikin taɓo yana amai.

Da ya ɗago ya rarrafo wurin Pabitra ya kama ƙafarta.

"Yaya, ki yafe mini."

Ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma dube shi ba. Idonta yana kan ɗan karkandar da masu gadi ke zagayewa da igiya.

"Tashi, Sujan," ta ce. "Ba ni ce a cikin ramin ba."