Karsanar Da Ban Taya Ba

Sunana Orval Tietjen. Masara nake nomawa da waken suya, a gonar da ubana ya bar mini a tsakiyar Nebraska. Ina ajiye 'yan shanu kaɗan don kada ciyawar bakin rafi ta tafi a banza. Ban yi nisa a makaranta ba. Da na iya lissafi da karanta rubutun jikin buhun iri, ubana ya ce ya isa.

Ranar Laraba ake gwanjon shanu a garinmu. Kowa da wurin zamansa a benci. Ba a rubuta suna ba, amma ba mai zauna maka. Nawa yana layi na uku, jikin ginshiƙi. A bayana Merle Kucera yake zama, makiyayi daga gundumar da ke arewa da tamu, can cikin tuddan yashi inda masara ba ta yi. Tun muna da gashi a ka yake zaune a bayana yana tsokanata. Ban taɓa shiga gidansa ba, bai taɓa shiga nawa ba.

Mu manoma hana-sallah muke sawa, wadda kamfanin iri ke ba mutum kyauta. Da ganin hular mutum ka san abin da ya shuka. Su makiyaya malafa suke sawa mai faɗi. Mu kan ce musu 'yan wasan kwaikwayo, su kan ce mana allon talla mai tafiya.

Wata Laraba da damina ta ja baya, na shiga ɗakin cin abinci na kasuwar, na tarar mutane sun yi cirko-cirko a jikin bango. Wata nas ce ta kawo taswirar jiharmu, Lavonne mai abinci ta manna. An raba ta gunduma-gunduma, wasu fari, wasu ruwan hoda, wasu ja. Ta ciwon dajin fata ce, wanda likitoci ke kira melanoma. Inda ya yi yawa shi ne ja. Tamu ja wur. Ta su Merle kuwa fari-fari.

Merle na ganina ya ɗaga murya. "Tietjen! Zo ka ga abin arziki. Yau dai gundumarku ta zo ta ɗaya a wani abu."

Na ce, "Taku ai ba mutane, shanu ne. Wa za a ƙirga?"

"Shanun ma sun fi ku wayo, tsoho. Rana ta yi zafi su nemi inuwa."

Aka kwashe da dariya. Lavonne ta ce, "Ku biyun nan, in dambe za ku yi, ga ƙofa. Kofi ko a'a?"

Na ce mata ta cire takardar, tana zubar mana da mutunci a gaban baƙi. Ta ce bangonta ne. Na sha kofina a tsaye na fita.

A gwanjo ba a magana. Kowa da alamar da yake tayi da ita, mai gwanjo kuma ya san ta kowa. Wani ya ƙifta ido, wani ya taɓa haɓa. Tawa ita ce in kai yatsa gefen hula, wajen kunnen dama. Shi ya sa mutum yake zama kamar gunki, ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya kora.

Ranar ban zo sayen komai ba. Amma bayan kunnena ya daɗe yana ƙaiƙayi, raina kuma a ɓace yake saboda taswirar nan. Aka shigo da wata karsana ramammiya, tana ɗingishi, ido ɗaya ya mutu. Ba wanda ya motsa. Sai kunnen ya taso mini, na sosa. Mai gwanjo ya nuna ni da sanda. Wani ɗan kasuwa daga can gefe ya ƙara ɗan abu. Kunnen ya sake tasowa, hannuna ya sake tafiya kafin in tuna inda nake.

"An sayar! Orval Tietjen!"

Duk ɗakin ya juyo yana kallona. Namiji ba ya tashi a gaban jama'a ya ce ba tayi ya yi ba, susa yake. Na gyaɗa kai kamar da niyya na zo.

Na zauna ina jiran Merle ya fara. Irin wannan abu zai ishe shi dariyar shekara guda. Shiru. Ko tari bai yi ba.

Ina ɗora karsanar a mota sai ga shi a bayana.

"Cire hular nan," in ji shi.

"A wane dalili?"

"Cire mana, Tietjen. Ba sanƙonka nake son gani ba, na gaji da shi."

Na cire. Ya kama kunnena ya lanƙwasa kamar mai duba maraƙi. Ya ƙura wa bayansa ido.

"Shekara da shekaru ina kallon ƙeyarka, ba don ina so ba," ya ce. "Tawadar Allah ɗin nan da kamar ƙwayar dawa take. Bara ta kai wake. Yanzu ta yi baƙi, bakinta ya yi zaƙo-zaƙo. Duba yatsanka."

Na duba. Jini ne a farce.

"Ƙuda ne ya cije ni."

"Haka Vernon ya ce. Ƙanina. Shi a gadon baya ya fito masa. Kafin a gane ya shiga huhu." Ya saki kunnen. "A gundumar da ka gani fari a takarda muka binne shi."

Ban san Merle yana da ƙani ba.

Da Ardith matata ke da rai, ita ke yi mini aski a baranda. Ba abin da zai fito a jikina ba ta gani ba. Tun da ta rasu ni nake yi wa kaina da inji, da lalube. Da na isa gida na haɗa madubi biyu, na juya, na karkata, ban ga komai ba sai duhu-duhu. Na ajiye madubin na tafi ba karsanar ruwa. Na ce a raina sai bayan girbi.

Washegari da hantsi na ji mota a tsakar gida. A-kori-kurar Merle ce. Bai ko kashe ta ba.

"Shiga. Na buga waya asibitin garin Kearney, akwai likitar fata, ta ce a kawo ka."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. In ka mutu, wa zai tare mini iska a benci? Shiga, mai nake ƙonawa."

Na shiga. Hanyar da nisa, ba mu yi magana ba sai sau ɗaya, da ya ce masarar wani ta fi tawa kyau, na ce ƙarya yake.

Likita Sandoval yarinya ce, ba ta kai 'yata Rhonda ba. Ta haska fitila, ta ɗora wani ɗan madubi, ta ce, "Baba, zan yanki abin nan in aika a duba. Allura ce kawai za ka ji."

Tana cikin aiki na tambaye ta abin da ke cina. Na ce me gundumarmu ta yi aka shafa mata ja?

Ta ce, "Ba abu ɗaya ba ne, Baba. Mutanenku fatarsu fara ce sol, a rana suke wuni, tsofaffi kuma sun yi yawa. Ga hular nan taku da ta bar kunne da wuya a waje."

Merle daga kujerarsa ya ce, "Yauwa, Likita, ƙara masa."

Ta ce, "Kai ma Baba kada ka yi saurin murna. Gundumar da mutanenta ba su da yawa, mutum biyu ko uku sun isa su canza mata launi. Wata kuma ta yi fari ne don asibiti ya yi musu nisa, ba mai zuwa a duba shi."

Merle ya ce, "Kin ɓata mini wasa, 'yar nan."

Bayan 'yan kwanaki ta kira ni. Ciwon dajin ne. Ta ce za a yanke saman kunnen, a kuma ciro kaluluwa ɗaya ko biyu a wuyana a duba. In ciwon bai kai can ba, an gama, in koma gonata. In ya kai, to wata magana ce doguwa, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na ce a bari in girbe masara. Ta ce a'a. Ba wanda ya ce mini a'a haka kai tsaye tun rasuwar Ardith.

Rhonda ta zo daga Omaha ta zauna har aka yi aikin, ta yi kukanta, ta koma wajen 'ya'yanta don na kore ta. Maƙwabta suka shigo da injinansu suka girbe mini masarar ba tare da na roƙa ba. Na tsaya a baranda da bandeji a kai ina kallon wasu suna aikina. Ban ji daɗi ba, amma na dafa musu kofi.

Jiran ne ya fi yankan ciwo. Mutuwa ba ta ba ni tsoro, na kai shekarunta. Abin da nake tsoro shi ne kwanciya. Na ga yadda Ardith ta kwanta, ana juya ta, ana ba ta ruwa a cokali. Ita ta samu mai juya ta. Ni ban ga wanda zan yarda ya juya ni ba. Kullum da safe nakan taɓa wuyana wajen ɗinkin in ji ko wani abu ya kumbura. A coci na roƙi Allah abu ɗaya, in zai ɗauke ni ya ɗauke ni a tsaye.

Merle ba ya kira. Amma sau biyu na tarar da damin ciyawa a bakin shinge, irin ta tuddan yashi, an ajiye wa karsanar. Ban tambaya ba.

Ranar da za a faɗa mini sakamako shi ya sake zuwa ya ɗauke ni. Da muka isa asibitin ya kashe mota ya zauna.

Na ce, "Ba ka sauka?"

"Je ka kai kaɗai. A irin ɗakin nan aka faɗa mana na Vernon. Ba na sake zama a ciki."

Na shiga. Likita Sandoval ba ta ja magana ba, na kuwa gode mata da haka.

"Kaluluwar lafiya lau, Baba. Bai bazu ba. Da ka bari sai bayan girbi, ban san abin da zan ce maka yau ba."

Na ce to. Na ci gaba da zama a kujerar. Ta ba ni ruwa, ta yi kamar tana duba takarda har na dawo daidai. Ta ce zan riƙa zuwa duk bayan wata uku a duba ni daga kai har tafin ƙafa. Na ce zan zo. Har na kai ƙofa ta ce, "Abokin naka fa? Ranar da ya bugo waya ya faɗa mini zancen ƙaninsa. Wanda ƙaninsa ya yi wannan ciwo ya kamata a duba shi. An taɓa?"

Na ce ban sani ba, amma zan sani yanzu.

Na tarar da Merle ya riƙe sitiyari hannu bibbiyu, yana kallon bangon asibiti. Na shiga na rufe ƙofa.

"Yaya?" ya ce, bai juyo ba.

"Bai bazu ba."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyarin. Kafaɗunsa suka yi ta motsi. Na juya ina kallon motocin da ke wucewa, don ba kyau a kalli namiji a haka. Da ya ɗago ya fyace hanci ya ce ƙurar garin nan ta yi yawa.

Na ce, "Na gode, Merle."

"Me ka ce? Ban ji ba."

"Kai da ke da kunne biyu cikakku? Ka ji sarai."

Ya kai hannu zai tada mota. Na riga shi, na zare makullin na jefa a aljihun rigata.

"Mene ne haka kuma?"

"Likita ta ce ka shigo."

"Ni? Lafiyata ƙalau. Mu can..."

"Ka taɓa bari an duba bayanka tun da Vernon ya rasu?"

Ya miƙo hannu yana neman makullin.

"To sauka."

"Tietjen, ba ni makullina."

"Sai dai ka kwana a nan. Ni ba inda za ni, an riga an girbe mini."

Ya zage ni, ya zagi masara, ya zagi duk wanda ya fara shuka ta. Sannan ya buɗe ƙofa ya sauka. Na bi shi a baya har bakin ɗakin don kada ya zame ta wata ƙofar. Na zauna a benci ina jira. Sai a lokacin na gane zaman da ya yi a mota ba ƙaramin abu ba ne.

Ya ɗan jima kafin ya fito, yana cusa riga cikin wando, fuska ta yi ja.

"Ba ta ga komai ba," ya ce. "Amma yarinyar nan ta tuɓe ni sai gajeren wando. Har tsakanin yatsun ƙafa ta leƙa. Ta ce in dawo baɗi. Wallahi ba zan yafe maka ba."

Na miƙa masa makullinsa. A hanya muka tsaya wani gidan abinci. Ya ce a kawo masa naman sa mafi tsada da dankali, ya cinye tas, ya ƙara da kek ɗin tuffa, ya ce a ƙunshe masa wani na gida. Ni na biya duka.