Muryar da Ta Maƙale a Ganga

Ni fa ban so zuwa situdiyon nan ba. Baba magani ya zo Alkahira, amma ya iso gidana a unguwar Ma'adi rungume da tsohon tef kamar jariri, wai sai an gyara masa "Titin Bukuru" an sake fitar da ita.

Kowa a Jos ya san waƙar. Irin kiɗan Turawan nan ce, rok, jita na kuka, an ɗauke ta a 1977, kuma muryar Babana Habila ce a kai. Ƙaninsa Iliya ne ya rubuta ta, mota ta kashe shi kafin faifan ya fito. Mun taso a kan cewa ba a taɓa ɗaukar muryar Iliya ba.

Ayman, injiniyan da muka samu a unguwar Mohandessin, ya ce layi takwas ne a tef ɗin, kowane kayan kiɗa da nasa. Ya dinga kashe su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ganga kaɗai.

Na matsa kusa da lasifika. Can ƙarƙashin gangar wani na rera waƙar, siririyar murya, kamar daga ɗakin maƙwabta.

"Ma'alish, yi haƙuri, madam Lauratu," in ji Ayman. "Wani ne ya fara rerawa, aka goge layinsa aka ɗora wata murya. Amma makirufon ganga ya tsince shi. Wannan ba ya goguwa."

Na juya a fusace. "Baba, wane ne wannan?"

Bai dube ni ba. "Kwana tara da binne Iliya kamfani suka ce ba sa sayar da waƙar mamaci. Ni na danna maɓallin gogewar, da hannun nan."

Haushi da tausayi suka cika ni.

Ayman ya ce zai iya dusashe muryar, ba wanda zai sani.

"A'a, ɗana, ƙara ta," in ji Baba.

Ya ƙara. Iliya ya ja numfashi, ya shiga baiti na biyu, har ya ɗan yi dariya a tsakiya. Baba ya dafa lasifika da tafin hannu.

"Shekara ashirin kakarki tana roƙona, ko kalma ɗaya ce ta ji da muryar Iliya," ya ce. "Nakan ce mata, Inna, babu. Tef ɗin kuwa yana ƙarƙashin gadonta."