Filin da Zaharadden Ya Nema

A ƙofar gidanmu a unguwar Bani Malik ta Jidda Zaharadden ya faɗa mini maganar, yana kan babur ɗinsa na kai saƙo, bai ma kashe shi ba. Shi ne wanda zan aura bayan Babbar Salla. Daga Kaduna ya zo, kuma duk lokacin da magana ta yi masa nauyi sai ya juya ta zuwa Turanci.

"Mansura, I need space," ya ce, idonsa a kan madubin babur. "Kin gane?"

Na ce na gane. A Jidda aka haife ni, Hausa da Larabci nake ji, ban kuma yi nisa a makaranta ba. Kunya ta hana ni tambaya. Da ya tafi na yi ta maimaita kalmar a bakin wayata har ta kama, ta fassara mini: fili, wuri.

Sai hankalina ya kwanta. Ɗakin da yake kwana cike yake da samari, takalma ma a waje suke kwana. Ina zai sa amarya? Ashe shi ya sa bai zo wurin Baba ranar Juma'a ba kamar yadda ya yi alkawari.

Ban faɗa wa kowa ba. Duk gidan da na kai sambusar Umma sai in tambaya ko akwai ɗaki. Khala Turai, wata tsohuwa da ke saye a wurinmu a unguwar Madain Fahd, ta hau da ni saman gidanta. Ɗaki ne mai taga ɗaya da na'urar sanyi mai tari.

"Ki share shi, ya binti, 'yata, ki nuna wa angon," ta ce, ta damƙa mini mabuɗi.

Na share, na wanke, na auna tagar da mayafina. Daga nan na wuce unguwar Kurayyat wurin ƙawata Sajida mai ɗinki, 'yar Kano, don ta yi mini labule. Ina murna na ba ta labari. Ta ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Sake faɗa mini abin da ya ce."

Na sake faɗa.

"Ranar da bai je wurin Baba ba fa?"

"Ya ce something came up."

"Babu abin da ya taso, 'yar'uwa, shi ne ya kwanta!" Ta fara dariya, ta ga fuskata, ta daina. "Mansura, ba ɗaki yake nufi ba. Haka suke faɗa in suna so a yi nesa da su."

"Wayata ta ce fili."

"Wayarki ba ta taɓa soyayya da ɗan Kaduna ba. Yalla, maza kira shi."

Na kira shi.

"Na samo maka filin," na ce. "Yana da taga."

"Wane fili?" Ina jin motoci na wucewa ta bayansa. "Haba Mansura. Look, it's not you, it's me."

Ban taɓa katse shi ba sai ranar.

"Don Allah faɗa mini da Hausa."



"Na fasa," ya ce.

Wannan na ji ta sarai. Sajida ta zare mayafin daga hannuna, ƙullin da na yi na awon taga yana nan a jiki, ta kwance shi, ta yafa mini.

Washegari na mayar wa Khala Turai mabuɗinta. Tana tsince shinkafa a tire, ta ɗago ta dube ni.

"Halas, shi ke nan? Ɗakin ya yi masa kaɗan ne?"

"E, Khala," na ce. "Ya yi masa kaɗan."